Yadda Ake Aiki da Lif a Teburin Rauta

Duk kafintan da ya taɓa kifa rauta, injin nan mai sassaƙa gurbi da ado a jikin katako, a ƙarƙashin tebur ya san wahalar da nake nufi. Ka durƙusa, ka cusa kai cikin akwati, hannu ɗaya na tallafe da injin, ɗayan yana laluben makulli, garin katako yana zubo maka a ido. Ka ɗaga haƙorin kaɗan, wato ƙarfen da ke yankan katakon, ka kulle, ka miƙe ka auna, sai ka tarar ya zarce. Ka sake durƙusawa. A shagona da ke nan cikin birnin Katsina mun yi shekaru a haka, kuma mafi yawan ƙofofin kabad da suka lalace a hannunmu daga wannan durƙuson suka lalace.

Lif shi ne maganin abin. Faranti ne na alminiyom da ake kwantarwa daidai da fuskar tebur, a ƙarƙashinsa akwai mariƙi mai rungume injin rauta, yana hawa da sauka a kan sanduna biyu na ƙarfe. Doguwar kusa mai zare ce ke tura shi, kai kuma kana juya ta daga saman tebur da handul, kana tsaye, idonka a kan haƙori. Sauƙin jiki kuwa ba shi ne babbar ribarsa ba. Ribar ita ce tsayin da ka saita yau za ka iya komawa kansa gobe, ko bayan wata guda, ba tare da kuskure ba. Sai dai lif ba ya ba ka wannan da kansa, sai ka bi wasu ƙa'idoji, kuma su zan bi da kai ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka fitar da kuɗi

Fara da duba rautar da kake da ita. Yawancin lif an ƙera su ne don rautar da ake zare injinta daga gindi, ya fito kamar gwangwani. Irin su Bosch 1617 da DeWalt 618 faɗin jikinsu inci 3.5 ne, Porter-Cable 7518 kuma inci 4.2, ƙaramar Makita RT0700C milimita 65. Kowane lif yana da girman da yake kamawa, don haka auna jikin injinka tukuna. Amma rautar da ta fi yawa a shagunanmu ita ce mai dannawa a kan sifirin, irin Makita 3612, wadda injinta ba ya rabuwa da gindinsa. Ita ba ta shiga irin wancan mariƙin. Ko dai ka nemi lif ɗin da aka yi musamman don mai dannawa, ko ka sayi irin Triton TRA001, wadda ta zo da handul ɗinta na juyawa daga saman tebur.

Abu na biyu, ka karanta rubutun da ke jikin injin. Wutarmu volt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa 120. Na ga wani ɗan'uwa ya sayi inji na hannu mai kyau irin na Amurka, ya kawo shi da murna, ya jona, ko minti ɗaya bai yi ba hayaƙi ya tashi. Lif ba ruwansa da wuta, amma injin da za ka saka a ciki ruwansa ne.

Faɗin farantin da ya fi yawa shi ne inci 9 da kwata a gefe ɗaya, inci 11 da kwata uku a ɗayan, wato kusan milimita 235 da 298, kaurinsa kuma wajen milimita 9.5. Akwai masu ɗan bambanci, saboda haka kada ka huda tebur sai farantin yana hannunka.

Zaunar da faranti

Lif da inji tare suna da nauyi, tebur mai shafi ɗaya zai lotsa a tsakiya kafin shekara ta zagayo. Ni nakan manna filawud ko MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai milimita 18 guda biyu, in shimfiɗa fomeka a sama, in ɗaura katako mai ƙarfi a ƙasa ta gefe biyu na ramin. In MDF ka yi amfani da shi, shafe bakunansa da fenti ko vanish, domin danshin damina yana kumbura shi.

Ɗora farantin a inda kake so, ka kewaye shi da katako huɗu miƙaƙƙu su zama maka jagora, ka ɗauke shi, ka sassaƙe gurbi mai zurfin da ya ɗara kaurin farantin da kamar milimita ɗaya. Sannan ka yanke tsakiyar, ka bar baki mai faɗin yatsa da farantin zai zauna a kai. Wannan milimita ɗayan na sukurorin daidaitawa ne da ke gefunan farantin. Kwantar da rula ta ƙarfe ta ratsa tebur da faranti, ka riƙa juya sukurorin har haske ya daina ratsawa ta ƙarƙashinta a dukkan kusurwoyi huɗu. Bayan ido ya gamsu, ɗauki guntun katako mai kaifin baki ka ja shi daga tebur zuwa faranti, daga faranti zuwa tebur. In ka ji ya yi ƙat a wani wuri, ba a gama ba. Wannan ƙat ɗin shi ne zai bar maka tabo a tsakiyar aikin da ka kusa kammalawa.

Saka injin

Cire fulogi daga soket. Kifa lif a kan benci, ka zare injin daga gindinsa, ka zura shi cikin mariƙi. Kafin ka ɗaure, duba abu biyu. Na farko, in ka ɗaga lif har ƙarshe, kolet, wato bakin injin da ke riƙe ƙafar haƙori, da notinta su leƙo saman tebur ta yadda sifana za ta kama su, amma jikin injin kada ya dunguri faranti. Na biyu, juya injin ta yadda makunni da abin rage gudu za su fuskanci ƙofar akwati, wayar kuma ta samu sararin bin sa sama da ƙasa. Ɗaure da alanki a hankali, gefe da gefe, har ya kama tsam. Kada ka matse kamar kana ɗaure tayar mota, jikin injin ba shi da kauri sosai.

Mayar da lif gurbinsa, ka saka dogon haƙori miƙaƙƙe, ka jingina masa sukwaya ta gaba da ta gefe. In ya karkata, injin bai zauna daidai ba, sassauta ka gyara.

Akwai wani abu da nake roƙon kowa ya yi, musamman mu da wuta ke zuwa tana komawa ba sallama. Sa makunni a wajen tebur, irin wanda in an ɗauke wuta yake kashe kansa, kuma in an dawo da ita ba ya tashi sai ka danna. Wata rana da yamma aka ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki, yaron shagona ya manta bai kashe ba, ya ajiye sifana kusa da haƙori ya fita alwala. Wuta na dawowa injin ya tashi, sifanar nan ta yi tsalle ta bugi bango har ta fasa filasta. Allah Ya kiyaye babu kowa a wurin. Washegari na sa makunnin. Masu aiki da janareto su ma su lura, manyan rauta suna cin wat 1,600 zuwa 2,400, kuma suna fizgar fiye da haka lokacin tashi, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba.

Ɗaura haƙori

Fulogi a cire. Kwance makullin lif, cire zoben da ke tsakiyar faranti, juya handul har kolet ta fito fili. Goge ƙafar haƙorin da cikin kolet, domin gari kaɗan ya isa ya sa haƙori zamewa. Zura shi har ƙasa, sannan ka ɗago shi da milimita 2 ko 3 kafin ka ɗaure. In ka bar shi a manne da ƙasa, kolet ba za ta kama shi da kyau ba. Haka kuma kada ka zaro shi da yawa don neman tsayi, aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafar ya kasance a ciki.

A nan ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. A kasuwa, ko a nan ko a Sabon Gari ta Kano, haƙora suna zuwa a cakuɗe: masu ƙafa milimita 12 da masu rabin inci, wato 12.7, haka kuma masu 6 da masu 6.35. A ido duk ɗaya ne. Amma mai 12 a cikin kolet ta 12.7 zai yi kamar ya ɗauru, sai aiki ya yi zafi ya fara hawowa da kansa. Tafi kasuwa da kolet ɗinka a aljihu, ka gwada a gaban mai kaya.

Sai ka zaɓi zoben da raminsa ya fi kusa da faɗin haƙorin ba tare da ya taɓa shi ba. Juya haƙorin da hannu zagaye ɗaya ka tabbatar.

Sifili, da ƙidayar juyi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake so ka natsu.

Sauke haƙorin ya nutse, ka kwantar da guntun katako mai santsi a kan ramin. Riƙa ɗagowa sannu a hankali, kana goga katakon gaba da baya, har ka ji bakin haƙorin ya fara shafarsa. Tsaya nan. Wannan shi ne sifilinka. Juya ɗan agogon awo da ke jikin faranti ya nuna 0.

Yanzu ka san nawa lif ɗinka ke hawa a juyi ɗaya. Yawancin waɗanda aka yi da lissafin inci, irin na JessEm da Kreg, juyi ɗaya kashi ɗaya ne cikin 16 na inci, kusan milimita 1.6. Juyi huɗu ke nan kwata na inci, milimita 6.35. Akwai kuma na lissafin milimita masu hawa 2 a juyi guda. Kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa: daga sifili yi juyi goma, ka auna tsayin, ka raba gida goma. Rubuta amsar da alƙalamin maka a gefen tebur inda kowane yaro zai gani. Idan lif ɗinka na milimita 2 ne kuma kana son gurbi mai zurfin 9, juyi huɗu da rabi ne. Kwata na juyi kuwa rabin milimita ne, abin da hannu da ido ba za su taɓa ba ka ba a durƙushe.

Sai ƙa'idar da na fi nanata wa yarana: kullum a isa tsayin da ake so ana hawa, ba ana sauka ba. Dalili shi ne tsakanin kusa mai zare da notin da take bi akwai ɗan sarari, dole ne, in babu shi ba za ta juya ba. In kana hawa, notin yana zaune daram a kan zaren, nauyin injin na danne da shi. In ka sauko ka tsaya, wani lokaci gari ko tauri yakan riƙe mariƙin a sama kaɗan, agogo ya nuna ka iso, amma da injin ya fara karkarwa sai ya zauna, haƙori ya faɗa ƙasa da inda ka so. Don haka in ka zarce, sauko da rabin juyi ƙasa da wurin, sannan ka sake hawowa. Daƙiƙa biyar ce, amma ita ce bambancin ƙofar da ta haɗu tsaf da wadda sai an bi ta da sanfefa.

Ka iso? Kulle lif, cire handul ka rataye shi. Ba a kunna inji handul na tsaye a kan tebur, ba a kuma juya shi haƙori na gudu.

Gudu, fens da turawa

Girman haƙori shi ke yanke gudun da za ka ba shi. Wanda faɗinsa bai wuce milimita 25 ba yana ɗaukar juyi 24,000 a minti. In ya kai 50, sauko zuwa 18,000, mai 65 kuma 16,000. Manyan nan na fuskar ƙofa, masu milimita 75 zuwa 90, kada su wuce 12,000. In rautarka ba ta da abin rage gudu, manyan haƙora ba nata ba ne, kada ka gwada.

A tebur haƙori yana juyawa saɓanin tafiyar agogo in ka kalle shi daga sama, saboda haka katako yana tafiya daga dama zuwa hagu. In ka turo daga hagu, haƙorin zai fizge shi ya ja hannunka tare. Kuma kada katako ya shiga tsakanin haƙori da fens, wato shingen da ake jingina katako a jikinsa yayin turawa. Yi wa kanka katakon turawa mai mariƙi, da abin dannawa mai yatsu kamar mataji, ka ɗaure ɗaya a fens ɗaya a tebur. Naɗe hannun riga, wanda ya zo da babbar riga ya tuɓe ta, safar hannu kuma ba a sa ta a nan. Garin MDF da na loko da maɗaci suna cutar da ƙirji, sa takunkumi, ka toshe kunne.

Kada ka ci zurfin gaba ɗaya a tafiya guda. A katako mai tauri irin maɗaci, milimita 3 ya isa. Wuce da dukkan guntayen, kashe injin, kwance makulli, ƙara juyi, kulle, sake wucewa. Tafiyar ƙarshe ka bar mata rabin milimita kawai, ita ce ke share ƙuna ta bar fuska sumul. Wannan aikin da lif wasa ne, shi ya sa wanda ya samu lif ba shi da uzurin zalama. Kunnenka ma malami ne: in kukan injin ya yi nauyi, ka ci da yawa ko kana sauri, in kuma ka ji ƙaurin ƙuna, ka cika jinkiri ko haƙorin ya dakushe.

Gwaji da ƙofar kabad

Bari mu ɗauki aikin da ya fi zuwa mana lokacin kayan ɗakin amare, ƙofar kabad mai firam da allo a tsakiya. Fara da fere dukkan katakon su zama kauri ɗaya, ka ware guntaye uku ko huɗu na gwaji daga cikinsu. Gwaji da katakon da kaurinsa ya bambanta ɓata lokaci ne. Kuma auna da kanka, abin da aka sayar maka a matsayin 18 sau da yawa 17 ne da ɗoriya.

Fara da kawunan katakon firam na kwance, inda harshen da zai shiga gurbi zai fito. Fuskar ado tana kallon tebur, wani guntu na bayansa yana tokare shi don kada bakin ya tsage wajen fita. Ka gama su duka, sai ka canza zuwa haƙorin gurbi. Ɗauki ɗaya daga waɗanda ka yanka ka jingina shi da haƙorin, fulogi a cire, ka hau da lif har mayankin gurbi ya yi daidai da harshen. Yanka gwaji, haɗa su, ka shafa mahaɗar da ɗan yatsa, domin yatsa yana jin abin da ido ba ya gani. In gefe ɗaya ya ɗara, kimanta da nawa, ka gyara da kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka sake gwadawa. Yawanci a gwaji na biyu ko na uku ake dacewa.

Da ka dace, kada ka jefar da guntayen nan biyu. Rubuta a jikinsu sunan haƙorin, kaurin katakon, da yawan juyi daga sifili, ka huda su ka rataye a ƙusa. Ina da igiya guda cike da irinsu a bayan teburina. In mai aiki ya dawo bayan wata shida yana son ƙarin ƙofa biyu irin na da, ba na sake lalube. Sai dai ka tuna duk lokacin da aka sake ɗaura haƙori sai an sake neman sifili, tunda ba ya zama a wuri ɗaya cikin kolet sau biyu.

Allon tsakiya kuma, da babban haƙori a gudu mafi ƙanƙanta, fara da gefen da ya ratsa jijiyar katako, sannan na tsaye, don tafiya ta biyu ta share tsagewar ta farko. In katako ne zalla, rage shi da milimita 2 ko 3 a kowane gefe, kuma kada ka sa masa gam. Abin da ka haɗa cikin hunturu, katako a bushe ƙayau, zai sha danshi a watan Agusta ya buɗe, in bai samu wuri ba sai ya tsaga firam ɗin.

Kula da shi

Ƙurar hunturu da garin katako su ne abokan gabar lif a garin nan. Kullum in an tashi, a hure sandunan da kusar, a bi zaren da tsohon burushin haƙori. Kada ka shafa giris ko baƙin mai. Da na yi hakan a farko, cikin mako biyu man ya haɗu da gari ya zama kamar ƙullu, handul ya ƙi juyawa sai da na kwance komai na wanke da kananzir. Busasshen man feshi wanda ba ya danƙo shi ya dace, fuskar tebur kuma a goga mata kyandir. Akwatin da injin ke ciki a bar masa hanyar iska, domin a zafin Afrilu da Mayu rufaffen akwati tanda ne, kuma injin da ke kife gari yana faɗa masa kai tsaye.

Wanda kuɗinsa bai kai na kanti ba, yana iya haɗa nasa. Ƙarfe mai zare na M16 yana tafiya milimita 2 a juyi ɗaya, na M10 kuma 1.5, ana samunsu wurin masu sayar da noti. Mariƙi na filawud mai kauri, da abin zamiya na durowa guda biyu masu ƙarfi, da mai walda ya manna maka kan noti a saman ƙarfen don sifana ta kama. Wasu kuma jak ɗin mota mai almakashi suke sawa a ƙarƙashin rauta mai dannawa, yana ɗagawa, sai dai hawansa a juyi ɗaya ba ya zama daidai daga ƙasa zuwa sama, don haka da shi awo za ka riƙa yi, ba ƙidaya ba. Na gida yakan fi na kanti lako-lako a zare, saboda haka yi masa makulli mai ƙarfi a gefen mariƙin, kuma in ka sauko don gyara tsayi, sauko da cikakken juyi ɗaya kafin ka sake hawowa.